Yarinyar da Take Yi Mini Rubutu a Allo

Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a Suleja, kuma in aka ce in rantse yara nawa na koya wa karatu a cikin shekarun nan, bakina zai yi nauyi. Abin da na sani shi ne na cika littattafai da yawa. Ajina na 'yan shekara ta biyu ya haura yara ɗari, huɗu-huɗu a benci, saura a ƙasa da kan taga. In mutum ya tsaya a gaban allo kawuna kawai yake gani.

Muna da yadda muke aiki, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, tarar da shi na yi. Malama takan rubuta darasinta a nata littafin, ta shiga aji ta zaɓi mai kyan rubutu, ta miƙa masa littafin da alli. Shi ya kwafa a allo, saura su kwafa a nasu, ita kuma ta koma gindin darbejiya wurin 'yan'uwanta malamai. Ƙarshen zango a tara littattafai, wanda nasa ya cika kuma babu datti ya kwashi maki. Sati guda kafin jarrabawa sai a yi bita: a kawo tambayoyin da amsoshinsu, a yi ta rera su kamar waƙa har su zauna. Ranar jarrabawa yaro ya zana A, ya zana C, ya zana B, a jere yadda aka rera. Kowa ya ci. Ba a maimaita aji, don in an ce wani ya maimaita, a ina zai zauna? Masu zuwa duba mu ma littattafan nan suke buɗewa, su ga sun cika, su sa hannu, su sha lemo su kama gabansu.

Mai yi mini rubutu a allo 'yar maƙwabciyata ce. Gidan haya ɗaya muke a wajen Bagama, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Mu daga Zariya muka zo saboda aikin maigidana a Abuja. Ita kuma uwar yarinyar 'yar Filato ce, Kirista, mijinta ya rasu, tana sayar da abinci a bakin titi a Gauraka. Ranar da 'yarta ta shiga makarantarmu, ta riƙo hannunta har ƙofar ɗakina. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

"Malama, ga yarinyan ka," in ji ta. "Ni ban yi makaranta ba. Abin da ka ce mini, shi ne zan yarda."

Na ce ai ba komai, 'yata ce. Kuma na so yarinyar. Ba ta da surutu, ba ta da ƙazanta, ga rubutu kamar na inji, baƙi ɗaya bai fi ɗan'uwansa tsawo ba. A zango na biyu ita ta zo ta uku, da hannuna na rubuta, na ƙara da cewa ta ci gaba da ƙoƙari. Uwarta ta sa takardar a leda ta manna a bangon ɗakinta.

Farkon zango na uku ne abin ya faru, lokacin da hadari ya fara taruwa ta wajen Dutsen Zuma kullum da rana ba ya zubarwa. Na miƙa mata littafina kamar yadda na saba, na tafi gindin darbejiya. Da na ji shirun ajin ya yi yawa sai na leƙo. Allo ya cika, yara sun sunkuya suna kwafa. Ina bin layukan da ido, sai na ga a tsakiyar darasi, tsakanin misali na uku da na huɗu, an rubuta da wannan kyakkyawan rubutu: tattasai, manja, kira Yaya kan maganin Inna.

Cefanena ne. Da safe ina sauri na rubuta shi a gefen shafin don kada in manta. Ta ɗauke shi ta sa a layi, ta ci gaba da misali na huɗu.

Da farko dariya ta taso mini, na juya in ga wa zai taya ni. Ba wanda ya ɗago. Na bi benci-benci ina leƙa littattafai, tattasai da manjana suna ciki, da maganin mahaifiyata, a littafin wannan, a littafin wancan, har na ƙarshen aji. Da Hausa na rubuta shi, harshen da suke zagin juna da shi a filin makaranta. Wataƙila akwai biyu ko uku da suka gane suka yi shiru, don a wurinmu mai tambaya ba ya ƙarewa lafiya. Sauran kuwa zane suke yi. Na ɗauki tsumma na goge layin.

Bayan an tashi na tsayar da ita. Na buɗe littafinta na ɗora yatsa a kan wani darasi da muka yi bitarsa, na ce ta karanta mini. Ta kalli wurin, ta kalle ni.

"Anti, ki faɗa mini farkon."

Na faɗi kalmar farko, sai ta zubo sakin layin gaba ɗaya, ba gargada, har da irin muryar da nake rera shi. Na mayar da yatsana tsakiya, kan wata kalma mai baƙi huɗu. Ta san sunan kowane baƙi, ta kira su ɗaya-ɗaya, amma haɗa su ya gagara. Muka yi tsaye a cikin ajin nan, kwanon rufi yana ƙara saboda zafi. Kusan shekara biyu, tun tana ajin farko, tana riƙe mini alli.

"Anti, don Allah kar ki faɗa wa Mama," ta ce. Ba kuka take yi ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don na gane ta daɗe da sanin abin da ni yau na sani.

Washegari na kai maganar gindin darbejiya, wurin wata babbar malama da ta kusa ritaya. Tana ɓare gyaɗa ta saurare ni har na gama, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ke sai yanzu kika sani?" ta ce. "To wa ya ba ta na uku? Ki rufa mana asiri ki rufa wa kanki. Kafin su kai babbar sakandare sun zama na wasu."

Na ji haushinta ƙwarai, na tashi ina huci. Amma tambayarta ta biyo ni har gida, domin amsar ni ce.

Da yammar ranar uwar yarinyar ta dawo daga Gauraka, ko tukwanenta ba ta sauke ba ta nufo ni tana rawa. Ashe ta kai takardar sakamakon nan coci ta nuna wa matar fasto. Sati biyu masu zuwa za a yi Lahadin yara, kuma an zaɓi 'yarta ta hau mumbari ta yi karatu a gaban jama'a, aya goma sha biyu, da Turanci.

"Tun da babansa ya mutu ba wanda ya kira sunanmu a coci," in ji ta. "Malama, aikin ka ne. God bless you."

A nan ya kamata in ce mata ta zauna, akwai magana. Kalmomin suna bakina. Na kalli hannuwanta da wuta ta ƙone, na kalli yarinyar tana tsaye bakin rijiya da guga, ta daina jan ruwan tana jira ta ji me zan ce. Na ce masha Allah, Allah ya sa albarka. Tsoro ne, ba tausayi ba. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne.

Na ƙudura zan koya mata karatu na gaskiya a sati biyun. Kullum bayan la'asar, kafin uwarta ta dawo, mukan zauna a bayan ɗakina da allon katako da guntun alli. Baƙi biyu, baƙi uku, ta haɗa, ta wargaje, ta sake. Abin yana tafiya a hankali kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. A rana ta huɗu ta haɗa wata kalma mai baƙi uku ita kaɗai, ban taimaka mata ba, ta ɗago tana kallona da baki buɗe. Ban taɓa ganin wannan fuskar a ajina ba. Amma da na buɗe littafin da aka ba ta a coci na ga ayoyin, dogayen kalmomi da sunayen da ni ma sai na tsaya, na lissafa kwanakin da suka rage, sai raina ya ɓaci. Ni mai gajen haƙuri ce, duk wanda ya zauna da ni ya sani.

Na ce, "Ajiye allon nan. Bayan Lahadi ma ci gaba. Faɗi abin da na faɗa."

Ta ajiye shi a hankali ta jingina da bango. Muka koma aikin da muka iya. Ni da alwalata ina rera littafin coci a bayan ɗaki, tana bina, kwana uku ta haddace tsaf. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai da na koya mata yadda za ta riƙa jan yatsa a ƙarƙashin layi, da inda za ta ɗan tsaya kamar mai duba kalma, da inda za ta ɗaga kai ta kalli jama'a, da daidai wurin da za ta juya shafi. Wannan ma ta iya shi nan da nan, don yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa.

Cocinsu yana bayan layinmu, lasifikarsu tana shigowa har tsakar gida. Ranar Lahadin gari ya tashi da duhun hadari, iska tana kaɗa ledoji. Na fito da wanki don in sami abin da zan riƙe. Aka yi waƙoƙi, aka yi sanarwa, ni ina ta saƙe-saƙe. In fasto ya canza ayoyin fa? In iska ta juya shafin, ko wani ya miƙa mata nasa littafin da ba irin wanda muka yi da shi ba? Na yi ta ganin uwar a cikin sabon zaninta, a layin gaba, da matan da suka ga takardar nan.

Sai na ji an kira sunan yarinyar. Lasifikar ta yi ƙara, aka yi shiru mai tsawo, har na saki rigar da ke hannuna cikin ruwa. Can muryarta ta fito. Tana yi ina bin ta da leɓe. Ta tsaya inda na ce ta tsaya. A aya ta takwas na ji ƙarar takarda, ta juya shafi daidai wurin. Ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, cocin ya ɗauki tafi da guɗa. Na zaci zan ji sauƙi. Na zauna a kan bokiti ina kallon hadarin, sauƙin bai zo ba.

Bayan azahar suka shigo, uwar a gaba da kular abinci, yarinyar a bayanta cikin farar riga. Uwar ta durƙusa a ƙofar ɗakina, na ce ta tashi don Allah, ta ƙi. Ta ce mata sun kewaye ta suna tambayar wace makaranta ce, ta gaya musu ta gwamnati ce, ba sai mutum ya kai ɗansa wani wuri ba. Sannan ta kawo maganar ƙanwar yarinyar, wadda take zaune wurin gwaggonta a Sabon Wuse, tana gama aji shida a wata makarantar mishan. Masu makarantar sun ce a bar ta ta ci gaba a sakandarensu.

"Na ce musu a'a," in ji ta. "Wancan, in ka ba shi littafi, sai ya tsaya yana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, small small, kafin ya gama layi mutum ya gaji. Ba kamar wannan ba, da yake zuba shi kamar ruwa. Satumba zan kawo maka shi, Malama. Ka mai da shi kamar yayansa."

Na kalli yarinyar ta saman kan uwarta. Wannan karon ba roƙona take yi in yi shiru ba. Idonta a kaina yake, ta ɗan matso, tana jira. Ita ba za ta iya faɗa ba, ni ce babba, ni ce malama, kuma abin da na ce shi uwarta za ta yarda.

Ruwa ya fara ɗiga a kan kwano. Na miƙa hannu biyu na karɓi kular, tana da zafi.

Na ce, "Allah ya kai mu Satumban."