Ƙafar Da Ta Ƙi Maɗauri

Shekarata sittin da huɗu ranar da na fara tsayuwa a kan allon ruwa, lema tana ja na daga sama. Har yau akwai mutanen Utaibiyya, unguwarmu a Makka, da ba su yarda ba sai an nuna musu a waya. In sun gani su ce, "La'ilaha illallahu, wannan ba mai tura arabiyya ba ne?" Shi ne. Shekara arba'in na yi ina tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, ba takalmi a ƙafata. Karatu kuwa aji uku na yi, aka ce in je gida in huta, malamin ma ya huta.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: lema ce ƙatuwa mai dogayen igiyoyi, an haɗa su da sanda, sandar kuma an maƙala ta a ƙugiyar ɗamarar da ke ƙugunka. Iska ta cika lemar, lemar ta ja ka, kai kuma kana tsaye a kan allo kana tsaga ruwa. Ɗana na fari ne ya kawo mana wannan fitina gida. Ma'aikacin jinya ne a wani asibiti wajen Zahir, ya haura arba'in, furfura ta fara masa a gemu, Hausa kuwa a bakinsa kamar aro ya yi. Duk Asabar yakan tafi gaɓar teku bayan Jidda da abokan aikinsa. Da likita ya ce ciwon sukarina yana son motsa jiki, sai ya fara ɗauka ta in riƙa yawo a yashi. Asabar biyu na yi ina kallo. Ta uku na ce a ɗaura mini ɗamarar.

Ruwan gishirin da na sha a shekara biyun farko, da mai ne da na buɗe gidan mai. Amma na iya. Daga nan na hau dogon allo, mai baki ɗaya kamar kifi, irin wanda ake hawan igiyar ruwa da shi. Shi wannan allon ana iya ɗaura masa maɗauri biyu da kusoshi, ka zura ƙafafunka ciki kamar silifa, ana kuma iya barin sa haka nan, a goga masa kaki irin na zuma, ƙafarka ta riƙe da kanta.

Da maɗauri na fara, saboda haka ɗana ya ce a yi. Wata rana igiyar ruwa ta buge ni ta gefe. Ƙafar dama ta fita, ta hagu ta ƙi. Allon ya juya gabas, ni na juya yamma, gwiwata tana tsakiya. Mako shida ina salla a kan kujera. Ni da na tura dubban mutane a keke, sai ga surukina yana tura ni zuwa Harami ranar Juma'a, tsofaffin abokan aikina suna yi mini kirari, "Marhaba da jarumin bahar! A ba shi hanya!"

A kan wannan kujerar na rantse, da sunan Allah, gaban matata, cewa ƙafata ba za ta sake shiga maɗauri ba. Da na warke, na ɗauki sukundireba na cire su duka biyun, na zuba kusoshin a gwangwanin shayi.

Ɗana ya ga allon tsirara a bayan mota, ya tsaya.

"Abuya, ina maɗaurin?"

"Sun yi ritaya."

"Wannan ba wasa ba ne. In ba maɗauri, ka faɗi allon ya gudu, kai kana can cikin zurfi. Shekararka nawa? Wa zai je ya gaya wa Ummi?"

"Da maɗaurin fa, wa ya je ya gaya mata? Ba kai ba ne?"

Muka yi ta yi daga Utaibiyya har muka fita Makka, shi da Larabci, ni da Hausa, kowa ya riƙe harshen da ya fi iya faɗa da shi. Kafin mu hango Jidda ya yanke hukunci. Akwai wata jar tulluwa da ke yawo a kan ruwa can nesa da gaɓa, alamar masu jirage. Ya ce ya ba ni Asabar uku. In na je na zagaya ta na dawo allon yana ƙarƙashin ƙafata, shi ke nan. In na kasa, a mayar da maɗauri.

"In an mayar ba zan hau ba. Na rantse."

"To sai ka zauna a gida, Abuya. Khalas, magana ta ƙare."

Mota tasa ce, lema tasa ce, ni kuma ko keke mai ƙafa biyu ban iya tuƙawa ba. Kenan in na faɗi Asabar uku, ni da teku sai a talabijin. Na ce na yarda, har ina dariya, don na san ƙafata. Tafin ƙafata faɗinsa kamar faranti, yatsun a barbaje, babu shagon da ke da takalmin da ya yi mini daidai. Wannan ƙafar ta taka marmara jiƙe da zamzam, da mutum mai nauyin buhu biyu a gabana, ba ta taɓa zamewa ba.

Asabar ta farko, lema ta ɗaga ni, na ɗora ƙafa, sai ƙafar ta wuce kamar na taka ɓawon ayaba. Na sake, ta sake. Sau tara na ƙirga kafin na daina ƙirgawa. Ɗana yana tsaye a gaɓa da hannu a ƙugu. Asabar ta biyu ya ƙara goga wa allon kaki da hannunsa, don kada in ce ya yi mini mugunta. Na yi tafiyar da ba ta wuce tsawon layin gidanmu ba, ƙafar baya ta sulale, na faɗa da fuska. Allon ya tafi abinsa, sai wani Bature ne ya kamo mini shi, yana tambaya ta ko lafiya.

A ranar na fito na zauna a yashi, kuma gaskiya na tsorata. Ba ruwan nake tsoro ba. Na fara tunanin ko ƙafar ce ta tsufa ban sani ba, ko sukarin ne ya cinye jijiyoyin kamar yadda likita yake ta faɗa. Lokacin la'asar ya yi, na ɗauki gorar ruwa zan yi alwala. Da na zo wanke ƙafa, sai na ga ruwan bai kama fatar ba, yana taruwa ɗigo-ɗigo yana gangarawa kamar a bayan agwagwa. Na shafa tafin ƙafar da yatsa, na shinshina.

Man kaɗanya.

Tun da na fara shiga teku gishiri yake buɗe mini faso a dunduniya. Matata kuwa duk shekara alhazan garinsu suna kawo mata man kaɗanya tsaraba, ta cika kwanoni da shi. Kullum da safe takan sa in miƙe ƙafa a kan tabarma ta shafa mini. Ranar Asabar ninkawa take yi, ta cusa shi har tsakanin yatsu, wai don gishirin. Da ina cikin maɗauri ba wanda ya lura, maɗaurin ne yake riƙe ni. Yanzu kuwa mai nake takawa a kan kaki. Shekara sittin da shida a duniya, sai da alwala ta gaya mini.

Ban faɗa wa ɗana ba. In na faɗa zai ce uzuri nake nema. Washegari da safe matata ta fito da kwanonta, ta zauna.

"Miƙo ƙafar, Alhaji."

"Ba na so, Hajiya. Man nan yana hana ruwan alwala taɓa fata. Ina tsoron sallata."

"Yau kuma? Shekara nawa ina shafa maka, sai yau ka zama mufti? Da ajinka uku?"

Na ga wannan hanyar ba ta ɓullewa, sai na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta share hawaye da bakin mayafi.

"Wallahi ban sani ba. Amma da na sani, da kwano guda zan juye maka. Tsoho da jikoki bakwai yana bin lema kamar wanda aljanu suka kira! Miƙo ƙafar nan."

"Ba zan miƙa ba."

"Za ta tsage."

"Ta tsage. Tawa ce."

Kwana shida na yi ina tsaron ƙafata a gidana. In zan yi barcin rana sai na sa safa biyu, don na san halinta. Kullum na wanke da sabulun wanki, na goge da dutse. Zuwa Laraba dunduniyar ta buɗe baki. Zuwa Juma'a ina tafiya masallaci a kan yatsu kamar ɓarawo. Matata ta daina yi mini magana sai ta bakin jikarmu, amma ban miƙa ba.

Asabar ta uku iska ta taso bayan azahar, mai kyau, daga arewa. Kafin in shiga na durƙusa na cuɗa ƙafafun da jiƙaƙƙen yashi. Da gishirin ya shiga fason nan, na kira sunan Allah da ƙarfi har ɗana ya juyo.

"Lafiya, Abuya?"

"Zikiri nake yi. Ɗaga lemar."

Na karkata sandar, lema ta nutso, ta ɗaga ni. Na ɗora ƙafa. Ta kama. Wallahi na ji yatsuna sun damƙi kakin nan ɗaya bayan ɗaya. Na tafi. Ban yi kyan gani ba, an nuna mini daga baya: duwawu a baya, baki a buɗe, kamar mai neman wurin tsuguno. Amma ina tafiya, ruwa yana fashewa ta gefe, jar tulluwar tana ƙara girma.

Wurin juyawa ne ake faɗuwa, don dole ka sauya ƙafa, ta gaba ta koma baya, allon yana gudu. A nan ne na gode wa Allah da babu abin da ya ɗaure ni. Na kai lemar sama, na ji nauyina ya ragu, na yi taku biyu ƙanana, irin wanda nake yi in na kai keke ƙarshen Marwa cikin cunkoso. Allon ya yi rawa, na zage shi da Hausa, ya nutsu. Na zagaya tulluwar ina ihu ni kaɗai.

Saura kaɗan in iso gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, murna ta sa na saki hannu ɗaya ina ɗaga wa ɗana. Nan take na kife. Na miƙe da sauri, na taka allon da ƙafa ɗaya kafin ya motsa.

Ya shigo ruwan da gudu, ya karɓi lemar ya saukar. Sai ya ga jini a kan kakin, layi biyu. Ya durƙusa ya ɗaga ƙafata kamar yana asibiti.

"Ya Allah! Mai sukari da irin wannan rauni? Abuya, ka san abin da wannan yake jawowa? Kuma ma ka faɗi."

"Ina allon yake?"

Ya duba ƙasa.

"Ka ce in dawo yana ƙarƙashin ƙafata. Ga shi a ƙarƙashinta. Ba ka ce komai a kan jini ba."

Ya daɗe a durƙushe cikin ruwa, riƙe da dunduniyata. Sannan ya ce ba zan sake shiga ba sai fason ya rufe, kuma shi zai duba da idonsa, kuma akwai wata safar roba ta masu ruwa da zan riƙa sawa. Na ce fason na yarda, dubawar na yarda, safar kuwa sai mun sake zama. Ya ce maɗaurin fa? Na ce kusoshin suna gwangwanin shayi, ya kai wa wanda yake so.

Mako uku ƙafar ta ɗauka kafin ta rufe. Asabar ta huɗu na riga shi shiga mota.