Inci Ukun da Na Bari a Ƙofar Zaure

A cikin ranakun rayuwata akwai guda ɗaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ita ce Asabar ɗin da na je gaida iyayen yarinyar da nake nema a unguwar Aboabo, cikin garin Tamale. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma ranar tana nan daram. Ko na so in manta ma, akwai mai tuna mini a cikin gida duk sa'ad da ta ga na fara ɗaga kafaɗa.

Bari in fara da faɗin abin da na shekara talatin ina ɓoyewa alhali kowa yana gani: ni gajere ne. Ina koyarwa a wata makaranta a Kalpohin, kuma saman allon ajina ban taɓa sa masa alli ba. Nakan ce wa ɗalibai na bar wurin ne don kada wuyansu ya gaji. In za a ɗauki hoton malamai, tun kafin in buɗe baki ake cewa, "Ticha, zo gaba." Mutane na yawan cewa gajere ba yaro ba ne, amma na lura dogaye ne suka fi son faɗin haka, kuma suna faɗa suna dafa maka kai.

A wajen wani suna a unguwarmu Bulpiela na fara ganinta. Doguwa ce sambal, tana sayar da atamfa a shagon mahaifiyarta a kasuwar Aboabo. Allah ya taimake ni ina kan babur lokacin da muka gaisa, kuma a Tamale kowa ya san a kan babur duk maza tsawonsu ɗaya. Na ga dabarar ta yi, sai na riƙe ta. Mako uku ina zuwa ƙofar shagonsu da yamma, in tsaya, mu yi hira, in tafi, ban taɓa sauka ba.

Rannan ta dube ni ta ce, "Ticha, kai da moton nan tagwaye ne? Ban taɓa ganin ka bar shi ba."

Na yi dariyar yaƙe. Washegari na nufi wurin wani tsohon baduku da ke bayan kasuwa, wanda wani abokina ya taɓa raɗa mini labarinsa. Na tsaya ina kame-kame, ina cewa wai dugadugina ke ciwo, likita ya ce a ɗan ɗaga shi. Tsohon bai ko ɗago kai daga ɗinkin da yake yi ba.

"Inci nawa likitan ya ce?"

"Uku."

"Biyu dai, ɗana. Uku sai ka dinga tafiya kamar akuya a kan kwalta."

Na nace sai uku. Ya yanka tsofaffin silifas, ya jera su bisa juna, ya manne da gam, ya lulluɓe da fata mai laushi, ya cusa su cikin wani takalmi sau-ciki mai dogon wuya. Da zan tafi ya ce kada in ji kunya, wannan likitan nawa majinyatansa da yawa a garin nan, har da alhazai. Daga nan na wuce wurin tela, na sa ya auna ni ina sanye da takalmin, ya ɗinka mini wanduna biyu masu rufe komai. A lokacin na ɗauka wannan ita ce mafi wayon dabarar da na taɓa yi.

Haka na zama mutum mai tsawo biyu, ɗaya na Bulpiela, ɗaya na Aboabo. A unguwarmu ina yawo da silifas kamar kowa. In zan tsallaka Aboabo sai in hau takalmin, don hawa ne, ba sawa ba. Yatsuna suna matsewa, sha-raɓata tana zafi kamar an ɗaure ta da igiya, amma ranar da na fara sauka daga babur na ga idona ya kusa daidai da nata, na ji kamar an ba ni sarauta.

Sai dai takalmi yana da abokin gaba guda ɗaya a ƙasarmu, wato bakin ƙofa. Duk inda za a tuɓe takalmi na daina zuwa. In lokacin salla ya yi ina Aboabo, sai in ce ina da uzuri, in ruga masallacin unguwarmu. Mahaifiyarta ta sha cewa in shigo cikin shago in zauna a tabarma, ina cewa a'a Mma, nan waje ma ya isa. Abin dariya, wannan ya jawo mini suna. Aka fara cewa a layin masu atamfa ba a taɓa ganin saurayi mai kunya irina ba. Ni kuwa ina karɓar yabon ina sunkuyar da kai, ƙafata tana kuka.

Wata uku ana haka, maganar ta kai ga manya. Mahaifinta dillalin hatsi ne, Alhaji, wanda duk kasuwa ta san shi da gaskiyar awo. Sau biyu na taɓa gaishe shi a rumfarsa, kullum yana zaune can bisa tarin buhunan masara, cikin ƙaton batakari, rigar saƙin nan mai faɗi, da doguwar hula, yana kallon mutane daga sama. Ina tsoronsa ƙwarai, kuma ina son 'yarsa fiye da yadda nake tsoronsa. Aka sa Asabar bayan azahar, ni da kawuna mu kai goron gaisuwa.

Tun a hanya kawu yake kallona a kaikaice. "Kai, yaushe ka kai kunnena?" Na ce takalman zamani ne, Kawu. Ya ce to, Allah ya kyauta.

Na riga na shirya yadda zan yi. A nan garin ba a gaida babba a tsaye, tsugunawa ake yi. Saboda haka muna isa ƙofar zaure na zare ƙafa daga takalmi, kafin kowa ya ƙyafta ido na zube ƙasa. A tsugune na shiga, a tsugune na bi dattawan da ke zaune a ciki ɗaya bayan ɗaya, suna gaisuwa ina amsa "Naa, naa," har na kai gefen tabarma na naɗe ƙafafu. Na ji wani tsoho yana ce wa na kusa da shi, "Ka ga ɗan mutunci. Yaran yanzu wa zai maka haka?" Na ce a raina, saura fita.

Kawu ya gabatar da goro, aka yi addu'a, hira ta ɓarke. Alhaji, yana kishingiɗe a kan buzu da matashi a bayansa, ya shiga ba da labarin wani mai awo da aka kora daga layinsu a makon. Mutumin ya doki gindin kwanon awonsa daga ƙasa, ya turo shi ciki, ta yadda kwano zai cika a ido alhali bai cika ba. Alhaji ya ce shi a duniya zai iya zama da matalauci, zai iya zama da mai faɗa, amma ban da mai dukan gindin kwano. Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne, har da gyaɗa kai, kuma muryata ta fi ta kowa fitowa.

Ana cikin haka hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Yayan yarinyar, wani dogo mai aikin walda, ya tashi ya kwaso takalman baƙi daga waje. Da ya ɗauki nawa sai ya tsaya, ya jinjina shi a hannu, ya ce, "Kai! Wannan takalmi ne ko turmi?" Aka yi dariya aka wuce.

Sai ga kiran la'asar. Alhaji ya leƙa waje ya ce ruwan nan ba zai bari a kai masallaci ba, tunda kowa da alwalarsa a yi jam'i a nan. Wani malami cikin dattawan ya wuce gaba. Kowa ya miƙe. Na duba hagu, na duba dama, babu wata fatawa da ta yarda lafiyayyen saurayi ya yi farilla a tsugune.

Na tashi. Wandon nan da tela ya auna da takalmi ya zubo ya rufe ƙafafuna gaba ɗaya, ya taru a tabarma kamar na ari na babban wa. Na taka bakinsa na yi tangal-tangal, kawu ya riƙo ni. Liman ya ce a daidaita sahu, kafaɗa da kafaɗa. Na ji an matso damana, na ɗaga kai sama kamar yadda na saba in zan kalli mutum, ban ga kowa ba. Na sauke ido. Alhaji ne. Tsinin doguwar hular nan tasa da ƙyar ya wuce girata.

Allah ya gafarta mini sallar nan, don raka'a huɗu na yi ina awo. Ashe mutumin da na wata uku ina azabtar da ƙafata don in cancanci 'yarsa, ko kafaɗata bai gama wucewa ba. Ban taɓa ganinsa a tsaye ba sai ranar. Har wani daɗi ya fara kama ni, na ce ai shi ke nan, ɗan'uwa ne.

Bayan an shafa addu'a Alhaji ya juyo gare ni a hankali.

"Ticha, da kuka sauka a moto na hango ka ta taga, kana kunnen kawunka. Yanzu na gan ka a hammatarsa. Ina sauran ka?"

Na nemi ƙarya ko guda ban samu ba. Na ce, "Baba, yana cikin takalmi."

Ya sa aka miƙo masa. Ya zura hannu ya zaro abin da baduku ya ƙera, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar yadda yake gwada kwanon awo. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Gajarta dai ka gan ni, ba ni da bakin magana. Uwar yarinyar nan shekara talatin da biyar ina ɗaga kai in dube ta, wuyana bai karye ba. Amma wannan, ɗana, gindin kwano ne aka doka. Wanda ya ƙara inci uku a ƙafa, nawa zai ƙara a baki?"

Kawu ya shiga ba da haƙuri, yana cewa ƙuruciya ce da son yarinya. Alhaji ya tura ƙullin goron gabanmu, kuma kowa ya san mai da goro ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce mu riƙe shi tukuna. Ranar kasuwa in zo rumfarsa da rana tsaka, da silifas, a ƙafa ba a moto ba, in biyo ta layin masu atamfa. "Ni ba na sayar da kaya a rufe, ba na kuma saye a rufe. In yarinya ta ga kayan yadda yake ta ce tana so, ku dawo da goronku."

Kwana huɗu na yi abinci ba ya mini daɗi. Ranar kasuwa na sa tsohon wandona da silifas na ajiye babur a bakin titi. Layin masu atamfa bai kai taku ɗari ba, amma ban taɓa tafiya mai nisansa ba. Labari ya riga ni isa. Matan da ke yabon kunyata suna leƙowa, wata ta ce, "Oh, Ticha, rashin lafiya ka yi? Ka rage!" Na ce da sauƙi, Hajiya, na wuce.

Tana tsaye a ƙofar shago tana ninke atamfa. Na tsaya a gabanta, kaina daidai haɓarta, na ce, "To, ga ni. Iyakata ke nan."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba. Ta ce, "Ticha, ranar sunan nan da ka tsaya da moto, da kan babban yatsa kake taɓa ƙasa, moton yana ta rawa. Tun ranar na sani."

Kifi na ganinka, mai jar koma. Na ce to me ya hana ki faɗa, kika bar ni ina shan azaba?

"Na ga kana ta wahala ne, na ce bari in ga inda za ka kai." Sai ta ɗan ɗage bakin zanenta ta nuna mini ƙafarta, wasu silifas ne shafaffu kamar faifai. "Ni ma wata huɗu ke nan na ajiye duk takalmana masu tsini saboda kai. Kana can kana hawa, ina nan ina sauka, ko sau ɗaya ba ka duba ƙafata ba. Je ka, Baba yana jiranka."

Wannan maganar ta fi ta Alhaji shiga jikina. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba ko a zaure, don na gane duk watannin nan da nake cewa ita nake so, kaina kawai nake kallo.

Muka koma da goro aka karɓa, aka ɗaura aure, yau 'ya'yanmu uku, babbar har ta fara leƙa tsakiyar kaina. Abin da baduku ya ƙera, ɗaya ya ɓace, ɗayan yana ƙarƙashin ƙafar teburinmu mai girgiɗi, inda ya samu aikin gaskiya. Saman allo kuwa yanzu benci nake takawa in rubuta, ɗalibai su yi dariyarsu su gama.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, aibin da kake ɓoyewa mutane sun daɗe da ganinsa, masu sonka kuma sun daɗe da yafe shi. Ɓoyon ne ba a yafewa da sauƙi. Gajarta ba ta taɓa hana ni komai ba, amma inci uku na aro saura ƙiris su raba ni da matar da ta yarda ta sauko domina.