Dokin Yaya Tanimu da Injin Gwamnati

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Tanimu, manomin rake a Nasarawan Doya. Abin da zan faɗa ya girmi rasuwar tasa, don haka mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na gama jami'a, aka ɗauke ni aiki a ofishin kula da ƙananan sana'o'i. Lokacin doki ke juya injin matsar rake, a dafa ruwan a yi mazarƙwaila. Masu doki kaɗan ne. Wanda ba shi da shi sai ya sayar wa dillali yadda dillalin ya ga dama, domin rake in an sare ba ya jira. Na rubuta shawara gwamnati ta kafa babban inji, kowa ya kawo nasa. Har yau ina ganin dalilin bai ɓaci ba, ko da yake ba ni ya kamata in yanke wannan hukunci ba.

Da na kai wa Yaya labari, ya tambayi wanda zai riƙe makulli. Na ce ma'aikaci.

Ya kira ni da sunan da ya saba, ya ce, "Malam Ƙarami, shi ma'aikacin yana da rake a fadama?"

Na yi dariya. Duk da haka, da aka kafa injin, shi ya fara sayar da dokinsa, wasu suka bi.

Masu mazarƙwaila da asuba suke fara matsa. Ma'aikaci kuwa takwas yake buɗewa, biyu ya rufe. A shekara ta biyu wani ƙarfe ya karye, aka tura takarda babban ofis. Kafin amsa ta zo, raken Yaya ya yi tsami a gindin inji. Dillalai suka dawo, ga shi ba doki. Bai taɓa yi mini gori ba.

Yanzu ana maganar sarrafa tumatir a wajajen Ikara da Kudan. Wasu na cewa gwamnati ta janye hannu, wasu ta riƙe komai. Ina jin Yaya ba zai bi kowa ba, don ya ɗanɗana hannun dillali, ya ɗanɗana na ofis. Wataƙila zai ce a saya wa mutane abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a damƙa wa wanda amfaninsa zai ruɓe in ya tsaya. Ina ma zan zauna gefen tabarmarsa in ji daga bakinsa.

Waɗanda suka shaida zamanin, ku gyara mini inda na kauce, ta hannun edita. Musamman in akwai wanda ya sani: yarda ya yi da injin, ko don kada ƙanensa ya kunyata ya sayar da dokin? Ban iya tambayarsa ba har ya tafi. Allah ya jiƙansa.