Faya-fayan da Ke Gadin Alayyahu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da wani abokin aikina. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta kira ni daga Sabon Tasha, 'yar Filato, kowa Mama yake ce mata. Tana da ɗan shagon koyar da kwamfuta, ni na haɗa mata shi shekarun baya. Wani mai gyara ya sabunta wa kwamfutocinta takwas Windows, tun daga ranar babu wadda ta sake ganin intanet. Ga shi washegari ɗalibanta, yawancinsu matan aure, za su rubuta jarrabawar kammalawa ta intanet. Wadda ta rasa sai baɗi.

Hanya ba laifi har Kawo. Daga nan muka faɗa cunkoso, muka haye gada mai motar da muka shiga na ta cacar baki da 'yan Keke. A bakin kasuwar Sabon Tasha muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma ya girma.

Na shiga shagon da taƙamata. Wayar da ke kawo intanet lafiya, katin da take shiga a jikin kwamfuta ma lafiya. Abin da ya rage direba ne, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin. Na zaro filashina cike da sababbin direbobi, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, kwamfutocin suka ƙi karɓa. Na duba a wayata, ashe masu ƙera katin sun daɗe da cire nasa daga shafinsu, ya tsufa. Har azahar muna abu ɗaya. Gaskiya hankalina ya tashi.

Abokina ya tambayi Mama ko akwai faya-fayan da suka zo da kwamfutocin.

"Ai shi ya ce in zubar," in ji ta, tana nuna ni. "Malam, ba kai ka ce zamaninsu ya wuce ba?"

Ni ne kuwa. Kunya ta rufe ni.

"To ni ba na zubar da abu. Ku zo."

Ta kai mu bayan shagon. Tana da ɗan lambun alayyahu, ta rataye faya-fayan da zare suna walƙiya, suna korar mata tsuntsaye. Muka kwance su, muka wanke da ruwan sabulu, muka goge da gefen zanenta. Biyar daga ciki rana ta kashe su. Na shida ya buɗe. Muka umarci Windows ta ɗauki direban da ke ciki a matsayin na tsohon tsari, ta yi gardama, muka matsa mata ta karɓa. Kafin la'asar duk takwas sun hau intanet. Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah.

Na kwafe direban a filashi biyu na bar mata ɗaya. Faifan kuwa ta mayar da shi kan zarensa.

Mun iso Zariya bayan magariba. Abin da na koyo shi ne tsohuwar na'ura da tsohon kayanta take tafiya. Ina shiga gida na tarar maiɗakina ta fitar da buhun tsofaffin faya-fayaina, wanda na ce mata a ba 'yan gwangwan. Na ɗauke shi na mayar ɗaki.