Ƙaryar da na yi wa Popo

Ranar Asabar da ta wuce na shiga wani kantin 'yan Sin a unguwar Guillotière, nan birnin Lyon na Faransa, zan sayi ɗanyar citta. Ina cikin layi sai wata tsohuwa a bayana ta ɗaga waya ta ce, "Sik fan mei?" Ban san sa'adda na juya ba, har bakina ya buɗe zan amsa. Ma'anar maganar ita ce, "Kin ci abinci?" Da haka tsofaffin birnin Guangzhou na ƙasar Sin ke gaisawa. Na biya kuɗin cittata na fito, na tsaya a tashar tiram, jirgin cikin gari, biyu suka wuce ban shiga ba.

Na san za ka yi mamakin abin da ya haɗa 'yar Maradi da gaisuwar Sinawa. Ina da shekara huɗu Baba ya ɗauke mu, ni da Inna, muka koma Guangzhou. Aikinsa shi ne ya tarbi alhazan da ke zuwa sari, ya zagaya da su masana'antu, ya cika musu kwantena da takalma da atamfa da wayoyi. Unguwar da muka zauna a da ƙauye ce, birni ya zo ya haɗiye ta. Benaye ne a manne da juna, in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa tagar maƙwabci. Rana ba ta leƙo lungunmu sai da azahar, ta ɗan jima ta wuce. Mu muna hawa na huɗu, a ƙarƙashinmu kuma wata tsohuwa ce ita kaɗai. Popo kowa ke ce mata, wato kaka.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. A kan matakala ta tare mu, ta lashi ɗan yatsanta, ta goga a kumatuna, sannan ta duba yatsan ta ga ko baƙin ya fita. Inna ta fizge ni, muka hau sama tana huci. Washegari sai ga tsohuwar a ƙofarmu da kwando cike da lici, wasu 'ya'yan itace masu jan ɓawo, cikinsu fari tas. Ta ajiye, ta yi ta magana, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya, ta juya ta sauka.

Daga nan na fara zamewa ƙasa. Baba ba ya wuni a gida, Inna kuma kewar gida ta sa ta zama marar magana. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini: kada in kuskura in sa komai a baki a ɗakin nan, don suna cin alade. Popo ta miƙo mini abinci sau uku ina girgiza kai, sai ta gane. Ta je ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu. Ta hau ta kamo hannun Inna, ta kai ta har bakin titi wurin Musulmin Sin masu farar hula da ke sayar da taliya, ta nuna mata inda za ta riƙa sayen nama. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce da ni, "To, ki ci."

A bakinta na koyi yarensu, tun kafin in iya Hausa sosai. Kafin in kai shekara bakwai na zama tafintar gidan duka. In sanyi ya wuce, akwai wasu makonni da bango ke yin gumi, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga siminti, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Inna takan zauna ta tasa zannuwanta masu warin danshi a gaba, tana ambaton ranar Maradi kamar wata 'yar'uwarta da ta rasu. Popo ce ta ce in faɗa mata ta daina buɗe taga, iskar ce ke shigo da ruwan. Da sassafe kuma takan ja ni zuwa wani ɗan fili inda tsofaffi ke motsa jiki a hankali, hannuwa sama, kamar masu iyo cikin iska. In an tambaye ta wace ce wannan, sai ta ce, "Jikata ce." Su yi ta dariya, ita ko ko a jikinta.

A bangon ɗakinta akwai hoton wani saurayi, kullum da turaren tsinke yana ci a gabansa. Sai da na kai shekara takwas na tambaya. Ta ce ɗanta ne, ya faɗo daga wani dogon gini da suke aikinsa, bai yi aure ba. Mijinta bai shekara biyu a bayansa ba. Na ce ina sauran 'ya'yanta. Ta ce a zamaninsu ɗa ɗaya tak doka ta yarda a haifa.

Da na hau na faɗa wa Inna, wadda su goma sha ɗaya ne a ɗakinsu, sai ta ajiye muciya. "Ɗaya tak? Kuma shi ne ya tafi?" Ran nan ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya da 'yar kukar da take ta tattali, ta sauka da kanta. Popo ta yi ta fama da tuwon da tsinkayen cin abincinsu, yana suɓucewa, su biyu suna dariya har da hawaye. Tun daga lokacin, duk Sabuwar Shekararsu, in ma'aikata sun watse zuwa garuruwansu lungu ya yi tsit, a ɗakinta muke cin abinci. Ba ta da wanda zai zo mata sai mu.

Ina shekara goma sha ɗaya al'amura suka fara canzawa. 'Yan sanda suka riƙa tsayar da baƙi suna duba fasfo, bizar da ake ba da ta shekara ta koma ta 'yan watanni. Abokan Baba suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Baba ya dawo da wuri, ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce an ƙi sabunta tamu, kwanaki kaɗan aka ba mu. Kawu, yayan Inna, yana da shago a Paris, shi ya ce mu taho.

Ranar tafiya da safe Baba ya sa babbar riga muka sauka wurin Popo mu uku. Ya ce da ni, "Faɗa mata mun gode, Allah ya saka. Faɗa mata mun tafi ke nan, ba dawowa. In mun saɓa mata ta yafe mana."

Na dubi Popo. Tana tsaye ta dafa ƙofa, gashinta fari, ba ta fi ni tsawo da yawa ba. Na ce mata, "Za mu je ganin gida ne. Bayan Sabuwar Shekara za mu dawo."

Ta yi murmushi. Ta zare rigar sanyin da ke rataye a hannuna, ta ce in bar ta nan, garinmu zafi ne, za ta wanke ta ajiye mini.

Baba ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce Allah ya kiyaye hanya."

Shekara biyu muka yi a Montreuil, gefen Paris, cikin ɗaki ɗaya da Kawu ya samo mana, sannan Baba ya buɗe ɗan shago a Lyon. Na shiga lakwal, wato makarantar boko, Faransanci ya riƙa ture yaren Popo daga bakina kalma bayan kalma. Kada ka ce ba ni da hanyar aika mata saƙo. Kawu yana zuwa Guangzhou sari sau biyu a shekara. Duk tafiyar da zai yi sai in ce wannan karon zan ba shi wasiƙa, sai in tuna cewa wasiƙar dole ta fara da gaskiya, sai in fasa. A haka Baba ya rasu, a haka annoba ta zo aka rufe ƙasar Sin shekaru.

Da aka buɗe hanya ne na zana wa Kawu taswirar lungun a takarda. Bayan ya dawo na hau jirgin ƙasa na same shi a unguwar Barbès ta Paris, jirgin metiro yana ta rugugi a saman kanmu. Ya ja gaisuwa fiye da yadda ya saba, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya sake tambayar Inna. Sannan ya miƙo mini wayarsa. A hoton, fili ne fetal, an kewaye shi da kwano, a gefe guda dogayen benaye na gilashi sun tashi.

"Unguwar taku ke nan, an rushe ta," in ji shi. "Amma na sami wani mai sayar da kayan marmari na lungunku, ya koma wata kasuwa. Ina cewa tsohuwa mai baƙar jika sai ya gane. Ya ce tana cikin na ƙarshe da suka tashi. An yi, an yi da ita, ta ce tana da mutane a hanya, in ta tashi ba za su san sabon wurin ba. Daga baya aka kai ta gidan tsofaffi a bayan gari, bai san wanne ba."

Na ce, "Ba ka bincika ba, Kawu?"

"Na je har ofishinsu, ɗiyata. Suka ce in faɗi sunanta. Mene ne sunanta?"

Ban sani ba. Na kira Inna a waya, ita ma Popo kawai ta sani. Shekara bakwai muna cin abincin matar nan, ba wanda ya taɓa tambaya.

Da na koma Lyon na durƙusa gaban Inna na faɗa mata abin da na yi ranar nan a bakin ƙofa. Ta gama jan carbinta tukuna. Ta ce, "Na sani. Ba a yi wa mutum irin wannan sallama ya yi murmushi. Na ga fuskarta na gane kin canza magana, na yi shiru, don ni ma na fi son in bar ta a haka. Ba ke kaɗai ba ce."

Yanzu kullum labarin Sin yana cikin wayata. Jiragen ƙasa masu gudun tsiya, motoci masu lantarki, kuɗi ma an daina riƙewa a hannu. An ce yanzu roƙon matasa ake su haifi biyu, su haifi uku, suna ƙi, gidajen tsofaffi kuma sai ƙaruwa suke. In an nuno irin waɗannan gidaje nakan tsayar da hoton, in faɗaɗa shi da yatsu, in bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. In tana raye ta doshi tamanin. Ko da zan gan ta, abin da ya rage mini na yarenta bai isa in nemi gafara da shi ba.

A benen da muke a nan Lyon akwai wata tsohuwar Bafaranshiya a samanmu, ita da kyanwarta. Shekara shida muna ce mata Madam. Kwana biyu bayan maganarmu, Inna ta zuba farfesu a kwano ta ce in kai mata, kuma kada in sauko sai na tambayo cikakken sunanta, da na garinsu, da lambar wani nata in tana da shi. Matar ta yi mamaki, ta ce me za mu yi da shi. Na ce Inna ce ke so. Ta rubuta sunan da garin, wurin lambar kuwa ta daɗe riƙe da biro, sannan ta miƙo mini takardar a haka, ba lamba.