Jan Katako

Sana'ata taya ce. Da faci na fara a bakin tashar Kawo, da famfon hannu da bahon ruwa, har Allah ya sa na yi shagon kaina, yanzu ina sauke kaya daga Legas ina sayar wa direbobi da masu ƙananan shaguna. Ban yi nisa a boko ba. Turancin da nake ji na ciniki ne, ya ishe ni gardamar farashi, amma bai ishe ni karanta takardar da za a miƙo mini in sa hannu ba. Na ɗanɗana kuɗar wannan, shi ya sa da 'yata ta gama firamare a wajen kakarta a Rigachikun na dawo da ita gabana, na sa ta a makarantar kuɗi da kowa ke cewa ta fi iya koyar da Turanci a yankinmu.

Sunan mahaifiyata ta ci, don haka uwata nake ce mata. Yarinya ce mai surutu tun tana ƙarama. In na dawo daga shago, kafin in cire takalmi ta ba ni labarin unguwa kaf, har da wanda akuyarsa ta haihu.

A makarantar akwai doka, ba a yin Hausa. An gaya mini tun ranar da na kai ta, kuma na ji daɗi, don abin da na je saye ke nan. Abin da ban tambaya ba shi ne yadda suke tsare dokar. Kowane aji yana da wani ɗan katako kamar tafin hannu, an shafa masa jan fenti, an huda shi an zura igiya. Duk yaron da aka ji yana Hausa sai a rataya masa a wuya. Ba malami ke cire masa ba, shi zai nemi wani da ya yi Hausa ya rataya masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi zai wanke bayi, washegari kuma ya tsaya da shi a gaban layi.

Yara ba su daɗe ba suka gano dabara. Mai katako ba shi da abin tsoro, tunda ya riga ya shiga, don haka sai ya je ya yi wa abokinsa magana da Hausa, in abokin ya yi suɓutar baki ya amsa, shi ke nan ya sauke masa. Da sauran suka gane haka, sai suka daina amsa wa mai katako kowace irin magana, ko da Turanci ya yi ta. In ya matso a watse.

Uwata ta zo daga makarantar da da Hausa ake koyar da komai, har Turancin. 'Yan ajinta kuwa yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne, tun a gida suke ji. A zangon ƙarshe katakon ya kusa zama nata. Na lura surutunta ya ragu, na ɗauka girma ne ya fara zuwa.

Wata rana ana tsakiyar damina zazzaɓi ya rufe ta a aji, katakon yana wuyanta. Ta juya wajen yarinyar da suke zama benci ɗaya, wadda suke cin abincin tara tare, ta ce mata don Allah ta kira malama, jikinta ba daɗi. Yarinyar ta kau da kai. Uwata ta gaya wa ta gabanta, ita ma ta yi kamar ba ta ji ba. Duk sun ɗauka tarko ne. Ita kuma ba ta iya haɗa maganar da Turanci ba a wannan halin, kuma tana tsoron ta tunkari malama da Hausa katako na wuyanta. Sai ta kifa kai a benci. Malaman da suka shiga suka ga mai katako ta kifa kai, suka ɗauka fushi take yi. Mai shara ce ta same ta bayan an tashi, jikinta kamar garwashi, ba ta gane mutane.

A asibiti ni na cire igiyar daga wuyanta da za a sa mata ruwa, na jefa katakon a aljihu ban san ko mene ne ba. Sai da ta farfaɗo ta gaya wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gaya mini.

Mai makarantar, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana da al'adar gayyatar iyaye biyu su zauna a zaman da kowane sashe ke yi a ƙarshen shekara, inda ake duba abin da aka yi, a tsara na baɗi. Ni nake sa wa bas ɗin makaranta taya, kuma ba na fashin taron iyaye, don haka tun kafin rashin lafiyar aka sa ni a zaman sashen Turanci. Na ƙudura a raina, in sun ajiye katakon uwata ta koma, in ba su ajiye ba ta bar makarantar ke nan.

A ɗakin malamai aka zauna, ana ruwa, an tara bokiti a inda kwano ke ɗiga. Akwai mai makaranta, da shugabar sashen, wata mace mai kamun kai da ta daɗe tana koyarwa, da malamanta, sai ɗayan uban, wani babban ma'aikaci a wata ma'aikata. Da Turanci aka fara. Da mai makaranta ya ga ina bin bakinsu da ido, sai ya ce a juya Hausa saboda Alhaji, wato ni. Wani matashin malami ya ce, "Alhaji, yau da katako na kusa, kai za ka wanke mana bayi." Aka yi dariya. Ni ma na murmusa, hannuna yana kan katakon a aljihu.

Shugabar ta yi bayani tsaf. Ta faɗi littattafan da aka gama da waɗanda ba a gama ba, da ajin da malaminsa ya tafi a tsakiyar zango, da yadda rubutun insha'i ya gyaru. Ta ce sakamakon jarrabawa ya fi na bara, kuma babban abin alfaharin sashen shi ne yanzu mutum zai zaga makarantar tun safe har a tashi bai ji Hausa ba. A tsarin baɗi tana so a kai dokar cikin bas, domin a nan yara ke fanshe abin da suka riƙe.

Da aka ba ni dama sai na fito da katakon na ajiye a kan tebur. Na ba su labarin kamar yadda ya faru, ban ƙara gishiri ba. Ban ɗaga murya ba, don na san a ciniki wanda ya fara ɗaga murya shi ke faɗuwa. Na ce ban zo neman a hukunta kowa ba, kuma ban ce a daina koyar da Turanci ba, don shi na kawo ta. Abin da nake roƙo ɗaya ne, a ajiye wannan abin. Na ce an gaya mana ba a jin Hausa, ina so in sani, ana jin Turancin?

 Wani tsohon malamin adabi ya gyara murya, ya ce gaskiya azuzuwa sun yi shiru, in ya yi tambaya ba mai ɗaga hannu, kuma rabon da yaro ya tambaye shi wani abu har ya manta. Sannan ya koma kallon hannunsa.

Shugabar ta ce ta yi baƙin cikin abin da ya faru, kuma na yarda da ita, don ta zo asibiti da kanta. Sannan ta dube ni ta ce, "Alhaji, na koyar da yara masu ƙwaƙwalwa da suka ci lissafi da kimiyya, Turanci kaɗai ya hana su shiga jami'a. Suna nan a gari, ina haɗuwa da su. Gida Hausa, titi Hausa, kasuwa Hausa. In ban tsare musu 'yan awoyin nan ba, ina za su ji shi?"

 Na ce mata duk gaskiya ne, amma yarinya ta nemi taimako a cikin aji cike da mutane ba wanda ya amsa mata, kuma ba don mugunta ba, don abin da aka koya musu ne.

Ɗayan uban ya karɓa. Ya yi mini jaje da ladabi, ya ce ba a shan zuma sai an sha harbi, su ma a zamaninsu an yi musu abin da ya fi wannan, ga shi ya amfane su. Ya ce in aka sassauta, iyaye da yawa za su kwashe 'ya'yansu, don saboda dokar suka zo. Ina kallon fuskar mai makaranta lokacin da aka faɗi haka, na san an gama. Na sha ganin irin wannan kallon a fuskar mai saye da ya riga ya yanke shawara yana jira ka gama magana.

Abin da aka tsayar shi ne doka tana nan, za a kai ta bas. An ƙara cewa duk yaron da ba shi da lafiya an yarda ya faɗa da Hausa. Na tambaya yaya sauran yaran za su bambance mai ciwo da mai tarko. Aka ce za a yi musu bayani a layi. Daga nan aka wuce maganar gasar muhawara da sayen ƙamus. Da za a tashi shugabar ta miƙa hannu ta ɗauki katakon, ta ce na ajin su uwata ne, ta sa a aljihun tebur. Aka kawo shinkafa da lemo, malamai suna ci suna hira da Hausa.

A bakin ƙofa mai makaranta ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, in bar yarinyar, zai sa ido a kanta da kansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode, amma ba za ta dawo ba." Ya tambaya ko maganar taya tana nan. Na ce tana nan, ciniki daban.

Na zaga makarantu a hutun nan. Kusan duk inda na je akwai dokar, wasu tara suke ci, wasu bulala. Na zaɓi wadda malami ne kawai ke kamawa, ba a sa yara farautar juna. Turancinsu bai kai na waccan ba, na sani, kuma na saya a haka.

Uwata ta warke, tana zuwa makaranta, ana cewa tana ƙoƙari. Surutun dai bai dawo ba. Da sallah na kai ta Rigachikun gaida kakarta. Tsohuwar ta fito da murna tana ce mata kishiyata, me kika kawo mini daga birni. Ina tsaye a gefe na ga idon yarinyar ya sauka a wuyan tsohuwar, ta duba, sannan ta amsa.