Neman Mariƙin Bindigar Maigida

Gonarmu tana gindin dutse, a bayan ƙauyenmu na ƙasar Ikara. Baƙar ƙasa ce mai albarka, masara takan yi goyo biyu a cikinta. Sai dai duk mai noma a gindin dutse yana da abokan ci waɗanda bai gayyata ba. Birai nake nufi. Suna zaune a sama suna kallonka kana shuka, suna kallonka kana noma, ran da masara ta fitar da gemu sai su sauko kamar an kai musu goro.

Abin da ya raba mu da su shekara da shekaru bindigar maigidana ce. Ba bindigar toka ba ce irin ta sauran maharba. Gadonta ya yi wurin mahaifinsa, shi kuma mahaifin ya same ta hannun wani Bature mai sayen auduga da yake yi wa jagora a daji. Tana da takardarta ta hukuma, maigida bai taɓa wasa da sabunta ta ba. A ƙarƙashinta akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe kamar mariƙin buta, inda yatsu ke shiga. In ya ja shi ƙasa ya mayar, sai ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Mariƙi muke ce masa. Harsashinta ya daɗe da yin wuya, saboda haka ba ya ɓarnar harbi. Yakan yi ɗaya a farkon nunar masara, daga nan ƙarar mariƙin kaɗai ta isa. Ya hau rumfar gona ya ja shi, ƙaras, sai ka ji dutse ya yi tsit.

To, wata damina mariƙin ya karye. Santsi ne ya kwashe maigida, bindigar ta bugu da dutse. Shi ya tashi, ita ba ta tashi ba. Ya saɓa sanda kamar bindiga, birai suka dube shi suka ci gaba da abin da ke gabansu. Ya kaɗa gwangwani, suka saba. Abin da muka kwaso a shekarar bai fitar da mu rani ba.

Babban ɗanmu, wanda ba na kama sunansa, direba ne a Zariya. Ya zo bayan kaka, ya leƙa rumbu, ya je zaure ya durƙusa gaban ubansa. Ina daga bayan zana ina jin su.

"Baba, birai kake yi wa noma. A sayar da gonar nan, a samo maka fili kusa da titi."

"Kusa da titi in noma me? Hayaƙin mota?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ko hayaƙin ne dai, babu mai saukowa daga dutse ya cinye maka."

Maigida ya ce, "A ba ni damina ɗaya. In suka sake cinyewa, na sallama."

Ni na san wanda nake aure. Maganarsa in ta fita ba ta komawa. Tun daga ranar na san gonar mahaifinsa tana rataye a jikin ƙarfen da bai wuce tafin hannu ba.

Aka shiga nema. Maƙerin ƙauyenmu ya ƙera wani, a ido kamar an tsaga kara, amma da aka sa shi ya ƙi kama abin da zai kama a ciki. Mai walda a Ikara ya liƙe tsohon, bai yi kwana ba ya sake ɓallewa. Maigida ya tafi kasuwar Makarfi wurin masu tsofaffin ƙarafa. A nan ne ya gane zamani ya juya. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasa, namiji ba ya tambayar kayan bindiga a kasuwa ya samu amsa. Wani ya ce masa, "Baba, mu nan ƙarfen keke muka sani." Wani ya bi shi da ido har tasha. Ya dawo ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

Ya ce, "Da furfurata a ɗauke ni mai yi wa ɓarayi safara? Na gama tambaya."

Ina zuba masa ruwa, sai ya ƙara da cewa, kamar da kansa yake magana, "Bindiga biyu iri ɗaya Baturen ya bari. Ɗayar aminin Baba ya bai wa, wani maharbi a wajen Kudan. Ɗansa ya gaje ta, na ji ta fashe masa. Shi ma ya rasu, ban san inda iyalinsa suke ba."

Na ce, "Malam, ba ni karyayyen."

"Ke? Ina ruwan mace da ƙarfen bindiga?"

"Ku maza iyakarku zaure. Mu ne ke shiga har ƙuryar ɗaki."

Ya tura mini shi da ɗan yatsa.

Na ƙulle shi a haɓar zane, inda nake ƙulle goro. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, duk inda mata suka taru, in an ci an wanke hannu sai in kwance in miƙa. Tsohuwa ba a zarginta da komai, iyaka a yi mata dariya. Wata ta ce, "Iya, awarwaronki ne ya karye?" Na ce, "Na mijina ne, shi ke ado yanzu." Suka kwashe. Ni kuwa dariyar nake so, domin abin da aka yi wa dariya ba a mantawa da shi. Haka na cinye rani, daga wannan hannu zuwa wancan.

Sai da ruwa ya sauka, masara ta kai gwiwa, sannan Allah ya haɗa ni da wata ungozoma a wurin suna a Dandamisa. Mutuniyar wajen Likoro ce, a ƙasar Kudan, ba gidan da ba ta shiga a ƙasarsu. Ta juya ƙarfen, ta sake juya shi.

Ta ce, "Na san ɗan'uwan wannan. Yana ƙofar ɗakin hatsin wata tsohuwa a wajenmu, a jikinsa take saƙala kwaɗo. Ya sha kama mini gyale."

Na gaya wa maigida, shi kuma ya sanar da mai unguwa don kada a yi abu a ɓoye. Na hau mota, na hau babur, na taka sauran da ƙafa.

Tsohuwar ta girme ni, idonta ya fara hazo. Muka gaisa, gida da gajiya da ruwa da mutanen da na baro. Duk gaisuwar nan idona yana kan ƙofar da ke bayanta. Ga shi nan an kafe shi da ƙusa, lafiyayye, gefensa na ciki yana ƙyalli.

Na ce, "Yaya, wurin ƙarfen can na zo."

"Kin san ko na mene ne?"

"Na sani, na bindiga ne. 'Yar'uwarta tana gidana."

Ta ce ran da bindigar ta fashe wa mijinta ta tafi masa da yatsu, shi ne ya rantse ya bar harbi. Bututun ya jefa a tsohuwar rijiya, icen gara ta ci. Wannan kaɗai ya rage, da hannunsa mai lafiya ya kafa mata shi.

Ta ce, "Kullum in zan ɗebi hatsi nan nake sa yatsuna, inda nasa suka goge. Ba na sayarwa ba ne, ƙanwata."

Ban roƙe ta ba. Wanda ya gaya maka irin wannan magana ba a yi masa magiya. Wake take tsincewa, na jawo faifai na taya ta. Muna tsinta ina ba ta labarin dutse da birai, da gonar da surukina ya sare da gatarinsa, da maganar da maigida ya furta gaban ɗansa. Ban ƙara gishiri ba. Muka yi azahar tare.

Bayan mun shafa addu'a ta ce, "Mu ga naki."

Na kwance na ba ta. Ba ta kalle shi ba, yatsu ta zura a ciki ta lalube shi.

"Shi ma hannu ya ci shi."

"Hannun uba da na ɗa, Yaya."

Ta riƙe shi a cinya, ta ce, "Bindiga ce mai tsirfa, ƙofa ba ruwanta da karaya. Na mijina ya gaji da gadin gero, ya je ya sha iska. Amma ƙarfen maharbi ba ya barin gida sai an bar ƙarfe a gurbinsa. Haka mai shi yake faɗa."

Ta aika aka kira maƙwabcinta da guduma. Ya zare nata, ya kafa namu. Ta sa kwaɗo ta kulle, ta jijjiga ƙofar da ƙarfi, ta ce, "Ya zauna."

Da na iso gida maigida ya karɓa da hannu biyu. Maƙeri ya ɗan goga wuri ɗaya, mariƙi ya shige kamar a nan aka haife shi. Godiyar baki ba ɗabi'arsa ba ce. Sannu da hanya ya yi mini, ya fita, ya dawo ya sake yi mini sannu da hanya.

Da masara ta fitar da gemu, birai suka sauko suka taɓa kunyoyin da ke bakin dutse. Maigida ya hau rumfa ya ja mariƙi, ƙaras, nan ɓarnarsu ta tsaya.

Da kaka ɗanmu ya zo a mota, tare da wani mutum mai babbar riga da ke son gonar. Ba su samu wurin taka ƙafa a tsakar gida ba, masara ce ko'ina a shanye. Ɗan ya duba gabas, ya duba yamma, ya sosa ƙeya.

"Baba, maganar nan fa?"

"Wace magana? Tunda ka zo da mota, ɗauki buhun can ka kai wa wata tsohuwa a ƙasar Kudan. Uwarka za ta nuna maka hanya."

Buhun ya yi masa nauyi. Mai babbar riga ya naɗe hannun rigarsa ya kama masa ɗaya gefen, ni kuma na shiga ɗaki ɗauko mayafi.